Daɓe a Hawa na Biyu

A gidanmu na Rotherham, hawa na biyu,
na durƙusa na ɓanɓare katakon farko.
Ƙurar shekara tamanin ta yi mini maraba.
Ƙarƙashi ga azara takwas kwance a jere,
ga guntun fensirin wani kafinta,
ga ƙwallon gilashi ta yaron da ban sani ba.
Na goge ta da riga, na sa a aljihu.

A garinmu makewayi da ƙasa yake zumunci:
ka sheƙa ruwa, rariya ta kai shi gindin zogale.
Nan kuwa a bisa kan mutane ake wanka.
Ƙarƙashin gwiwata akwai silin,
ƙarƙashin silin akwai Ladidi a kujera,
hannun hagu kwance a cinya kamar baƙo,
tun ranar da jini ya hau.
Bene ba ya gagarar ta, akwai kujera mai hawa,
bakin baho ne ya zame mata dutsen Dala.

Declan mai famfo ya duba, ya sosa gemu,
ya ce, "Katako numfashi yake, Jatau.
In ya motsa, tayil ya tsage.
In tayil ya tsage, ruwa ya ji labari."

To, na hana shi motsi.
Na datse guntaye, na cusa tsakanin azara,
na shimfiɗa falanki mai kauri,
sukuru bayan sukuru, tazarar taƙi guda,
har na taka ko'ina ban ji ƙara ba.
Azara ta uku ta ruɓe ta gefen bango,
yatsana ya nutse cikinta kamar cikin gurasa.
Kwana biyu ta cinye mini,
da kuɗin da na ware wa taya.

Sai gangara, wadda ido ba zai gani ba,
ƙafa ma kada ta sani,
ruwa kaɗai zai gane hanya.

Na share, na shafa, na jira ya sha iska.
Na bi kusurwa da tef kamar mai ɗaure rauni,
don a mahaɗa ake cin amana.
Sannan shuɗiyar roba, shafi biyu:
na fari gabas da yamma,
na biyu kudu da arewa, saƙar tabarma.

Daren Laraba na toshe magudana,
na cika ɗakin da ruwa iya idon sawu,
na ja layi da fensirin mamacin nan.
Na sauko kicin, na zauna, na ɗaga kai.
Ladidi ta ce, "Mai neman wata a ɗaka,
shayinka ya huce."
Ban runtsa ba. A waje ana ta yayyafi,
kowane ɗigo sai in ce nawa ne.

Da asuba ruwa na nan kan layi,
bai ci ko ƙwayar gero ba.

Ta hau da hantsi, ta tsaya bakin ƙofa,
babu dokin da za ta tsallaka.
Ta ce shuɗin ya yi muni.
Na ce tayil zai rufe.
Na ɗora mata ƙwallon a hannun hagu,
yatsu suka yi shawara, suka saki.
Ta faɗi, ta yi jim,
ta gangara a hankali har bakin magudana.

Rabin bakinta ya yi dariya.
Ɗaya rabin yana tafe.