Lita Sittin

Shekara ashirin da uku ina jan tirela,
Yamai zuwa Lome, Lome zuwa Yamai.
Na ga teku sau ɗari, ban tsoma ƙafa ba,
ni ɗan tudu ne, daga nesa nake gaisuwa.

Da gwiwa ta ƙi, na miƙa makulli,
sai na sayo akwatin gilashi a Katako,
lita sittin, kamu guda da 'yan yatsu,
na girka shi a zaurena, nan Gamkalle,
inda iskar kogin Isa take ratsowa.

Na ɗauko kantun Bilma zan jiƙa,
Kwami mai kifi ya kama hannuna:
"Baba, wannan na raƙumi ne da miya,
gishirin teku daban, a buhu yake zuwa."

Sati shida famfo na juya ruwa,
ba kowa ciki sai dutse da farin yashi.
Maƙwabta su leƙo, su koma da dariya:
"Tsoho Tankari ya soma kiwon ruwa!"

To, ruwa ya nuna. Saura lissafi.
Nawa za a zuba?

Bibata jikata ta ce bakwai.
Ta gama raɗa suna tun ba su iso ba:
Asabe, Ladi, Tine, Talatu,
Balaraba, Lami, sai Jummai 'yar auta,
kowace da ranar da za ta ci gaisuwa.

Saini masunci ya tofar da goro:
"Tarwaɗa goma na kwana a daro ɗaya,
gari ya waye suna bugun juna da wutsiya.
Zuba ashirin, me kake tsoro kuwa?"

Kwami ya ce tarwaɗa ɗiyar laka ce,
waɗannan 'yan gata ne, ba su san wuya ba.
Inda suka ci, nan suke kāshi,
nan suke shaƙa, nan suke kwana.
Kogi na da gaba, yana tafe da dattinsa,
gilashi kam ba shi da wurin zuwa.

Na kwanta da dare ina ƙirga da yatsu,
sai wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya,
famfon zaure ya yi tsit kamar an shaƙe shi.
Na tuna watan bazara na nan tafe,
ranar da wuta kan tafi tun hantsi,
ba ta sallama, ba ta cewa yaushe dawowa.
Iskar da baki biyu za su lallaɓa har isha'i,
baki bakwai kafin la'asar sun gama shanyewa.

Na san wannan karatu, na biya kuɗinsa.
Tan talatin takarda ta ce,
mai kaya ya ce ƙara biyar, ba mai gani.
Ban musa ba, motar ma ba ta musa ba,
sai da muka wuce Torodi gindinta ya zauna.
Kwana uku a daji, ni da karen mota,
muna cin gāri da ruwan randa mai ɗumi.
Kaya ba ya kuka ranar lodi,
hanya ce mai ba da amsa, ba ta mantuwa.

Da safe na ce wa Kwami biyu.
Masu ruwan lemo da farin ɗamara.
In damina ta wuce suna cin abinci,
wataƙila na uku. Wataƙila.

Bibata ta kumbura, ta ƙi fura,
ta tafi da sunaye biyar a hannu.
Da magariba na same ta a durƙushe,
hanci a manne da kusurwar gilashi.
"Kaka, zo nan, daga nan huɗu ne!"
Na durƙusa, gwiwa na ƙara. Huɗu ne kuwa.

Wuta ta ɗauke. Ta ruga ta kawo ludayi,
tana ɗiba tana zubawa, ina riƙe da tocila,
Ladi da Tine na kewaya dutse,
tekunmu kamu guda, muna ba shi iska,
har muka ji fanka ta soma juyawa.