Faifai na Uku

A wani lungu na Ikeja, bayan rumfar masu caja,
Tasi'u ya jona tsohuwar kyamara da kwamfuta.
Kaset ɗin sunan Hansatu ne, a Agege,
shekarar da ruwa ya ci layinmu.

Faifai na farko ya ƙi tashi.
Na biyu ya tashi, amma kowa ya koma siriri kamar karan takanda,
har Gwaggo Ladidi mai cika kujera biyu.

Na ukun ne ya tsayar da ni.
Leɓen Baba ya motsa, shiru.
Sai da ya juya ya nufi ƙofa
muryarsa ta iso: "Ku ci, kada ya huce."

Tasi'u ya ce sauti da hoto sun saɓa,
sakan huɗu ne tsakaninsu.
Wai kyamarar lissafin Amurka take yi, injinsa na Turai.
Zai gyara, in janareton Yinka ya yarda.

Aiki ya kai kashi casa'in da bakwai,
janareto ya yi tari, ya mutu.

Na ce bar shi, ba ni na ukun.
Shekara tara ke nan da binne shi,
kuma da ma haka maganarsa take riskata:
bayan ya fita.