Usur Biyu a Kaunas

Daren Laraba, zauren wasan makaranta,
ƙanƙara ta lulluɓe tagogi, benci ya cika.
Austeja, wata huɗu da ɗaukar usur,
ta haddace doka, ko waƙafi ba ta bari ba.

Mai lamba tara ya kutsa,
kafaɗa ta gogi kafaɗa.
Fiit! Keta.
Ƙwallon da ya shiga raga ya tashi a banza.

Can gefe, Kestutis bai motsa ba.
Shekara talatin yana bin yara a katakon nan,
gwiwarsa ta hagu ta san kowane lungu.
Usur na rataye a ƙirjinsa kamar mai gyangyaɗi.

A hutun rabin lokaci ya miƙa mata shayi.
"Kin ga taɓawa. Ni jira na yi
in ga ko ta hana yaron tafiya.
Ba kowace iska ke karya reshe ba."
Ta ce, "Doka ba ta ce a jira ba."
Ya murmusa. "Ni ma haka na ce, a da."

Saura daƙiƙa uku,
gwiwar hannu ta daki haƙarƙari.
Idon tsoho na kan ƙafafu, bai gani ba.
Ita ta hura.

A bakin ƙofa, yana jan hular sanyi,
ya ce, "Wannan kam, kin riga ni."