Mai Ba da Hannu na Kutno

Shekara talatin da huɗu na yi a benen sigina na Kutno,
gilashi ta ko'ina, butar shayi ba ta sauka daga murhu.
Ni ke ce wa jirgin Poznan ya wuce,
ni ke ce wa na gawayi ya tsaya.

Yau ina hawa na uku a asibitin Lodz,
dusar ƙanƙara na manne wa taga.
Likita Zielonka ta zana da'ira a bayan takardar magani,
ta ce, "Pan Bogumil, ƙwayar halitta haka take zagaye:
ta ci ta girma, ta kwafe littafin gadonta harafi bayan harafi,
sannan ta tsage gida biyu,
ka rasa wace ce uwa, wace ce ɗiya."

Ta ɗiga tawada wuri uku.
"Nan a tambaye ta, kin isa?
Nan a duba ko kwafin ya fita daidai.
Nan a ga ko kowane kaya na ɗaure da igiyarsa.
In akwai kure, a gyara.
In ya ƙi gyaruwa, ita da kanta za ta hure fitilarta."
Na ce, Likita, ai sana'ata kike karanta mini,
ba a sakin jirgi sai an tabbatar da hanya.

To me ya same ni?
Ba dare ɗaya ba ne, in ji ta.
Wata fitila ta maƙale a kore.
Bayan shekaru birki ya cinye.
Can kuma mai gadin littafin barci ya sace shi.
Na tuna kwali biyu na taba kowane aikin dare,
hayaƙi na murɗawa a kan jadawali.
Ban ce komai ba. Ita ma ta rufa mini asiri,
ta bar ni da 'yar guntuwar kunya.

Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama tuli,
ƙari a huhun dama, bai fi ƙwan tattabara ba,
har ya shimfiɗa wa kansa layin da zai riƙa satar jini.
Tsoronmu kada tarago guda ya ɓalle
ya gangara hanta ta cikin jijiya.

Ran Alhamis Wieslawa ke rataye ledar ruwa.
Maganin nan ba ya tambayar tikiti:
duk wadda ya tarar tana rabuwa, ya sare ta.
Shi ya sa gemuna ya bi tawul,
bakina ya yi gyambo, miyar gwoza ta koma ɗanɗanon ƙarfe.
Sai a ba ni mako uku.
Nagari sun iya gyara, su farfaɗo,
ɓatattu kuwa gyaran ke ba su wuya.

A ƙasan bene an yi mini ɗigo shuɗi uku a ƙirji.
Na'ura na kewaya ni tana gurnani,
haske marar launi na yayyaga littafin ɓarayin
har su kasa karanta umarnin haihuwa.

Akwai wani kuma, in gwajin ya yarda.
Wai ƙarin na ɗauke da takardar izini ta jabu,
sojojin jini su gani su sara masa su wuce.
Maganin zai fizge takardar,
a ga ƙarshen ɓuya.

Jikana Ignacy ya kawo mini tsohuwar fitilata,
gilashin ja ya tsage, ba ta da lagwani.
Ran Litinin za a sake ɗaukar hoto.
Ban san me zai nuna ba.
Amma ƙarfe biyu da kwata na dare, in na Gdynia ya yi usur,
hannuna na fita daga bargo da kansa,
da allurar da komai,
yana laluben sandar da ke cewa tsaya.