Mu Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina yanka tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Pune,
ban taɓa kuskuren canji ba, ko na rupi ɗaya.
Yau ga ni, Sulochana, a bencin baya,
kai duk furfura, ina cizon fensir.
Sanskrit ta mai da ni 'yar aji ɗaya.

Malam Kelkar ya rubuta suna guda a allo,
ya ce, “Riga ashirin da huɗu gare shi:
ta mai aikatawa daban, ta wanda aka yi wa daban,
har da wadda yake sawa in an ƙwala masa kira.”
Na ce a raina, sunan nan ya fi ni sutura.

Kalmomin tsofaffin baitoci ba su san layi ba.
Wannan ta haɗiye wutsiyar waccan,
wasali ya narke cikin wasali kamar man shanu a shinkafa mai zafi,
sai ka zo da wuƙa kana laluben gaɓa.
Aikatau kuwa ya yi zamansa can ƙarshen baiti,
fasinjan da ya san jirgi ba ya tashi sai da shi.
Na ɗaura wa sifa aure da sunan da ba nata ba,
na sa kogi ya shanye sarki.
Yaran suka tuntsire. Na taya su.

Ran Talata, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
ya ce, “Tsakanin tilo da jam'i akwai wani ɗaki.
Harshen nan bai yarda biyu taro ne ba.
Ido biyu, hannu biyu, mata da miji,
sigarsu daban.
Mu biyu kalma ɗaya ce: awam.”

Kowa ya gina jimla, in ji shi.
Na rubuta: awam, muna shan shayi a baranda.
Ya sunkuyo, ya gyara tabarau.
“Aikatau ya bi mai shi. Saura lokaci.
Yanzu kike nufi, ko da?”

Damina huɗu ke nan da aka fita da Madhukar a kafaɗa.
Har yau kofi biyu nake saukowa da su da safe,
in mai da ɗaya.

Na ce, “Malam, bar shi a yanzu.
Ka ce shuɗaɗɗen lokaci iri uku ne.
Ban kai wannan babin ba.”

Ya daɗe riƙe da jan biro.
Sannan ya matsa wurin yaron da ke gefena.