Baƙo a Jikin Roba

Hanyar Dutsin-ma, ɗakin gwaji, an ɗauke wuta tun azahar.
Daga ni sai kwalba guda,
ruwa fari fat, ka ce nonon safe,
alhali ba saniyar da aka tatsa.
Roba ce, ƙwayoyi dubu bisa dubu,
ƙurar gero ma giwa ce a gabansu.
Ba su nitsewa, ba su gogar juna:
caji ɗaya suka ɗauko, kowa na ture kowa,
kamar mahauta biyu a layi guda.

Sai na ɗiga furotin.

A dunƙule ya zo, tabarmar matafiyi,
ya naɗe abin da ke ƙin ruwa can cikin cikinsa.
Yana taɓa roba ya saki jiki,
ya warware, ya juya gefen nan mai tsoron jiƙa,
ya kwanta rub da ciki.
Ruwan da ke wurin ya tashi ya ba shi shimfiɗa.
Ba ƙulli, ba ɗinki, ba ƙaro,
amma wanke shi ka gani:
ƙarangiya a ƙafar wando ta fi shi jin magana.

Ƙanana ke riga isa, ƙafarsu da sauri,
su baje kamar masu tumatir da asuba a 'Yar Kutungu.
Can da hantsi manya su taho, ba gaggawa,
su ture su, su yi zaman dirshan.

Ran Laraba hannuna ya zarce da gishiri.
Turereniyar ta mutu, duk suka cure,
aikin wata uku ya koma kindirmo.
Malam Zubairu ya duba, ya ce, "Lawisa, sake."
Iyakar ta'aziyyar ke nan.

Da dare Inna ta ce, "Wai mi kike yi can har isha'i?"
Na faɗa mata. Ba ta ɗago ba,
ta mirgina curin fura cikin gari, ya fito fari tas.
"Wannan? Tun kahin a haihe ki nike yin shi."

Ban ce mata bazara na tafe ba,
wata uwa za ta kawo yaro, wuya a sanƙare,
ɗigo ɗaya bisa kati, in ƙwayoyin sun cure
likita ya san sunan ciwon kafin la'asar.

Na dai karɓi furar.
Garin ya manne mini a yatsu.