Ɓera Mai Lamba Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Lamingo.
Ƙanƙara ta gama dukan kwano ta wuce,
janareta na tari a bayan ɗakin gwaji.
Ni da ɓeraye talatin, kowa na gadin kowa.

An ce barci ɓarawo ne.
To ɓarawon Tanimu ba ya jiran dare,
da rana tsaka yake shiga, ba sallama.
Ya same shi kan keken ɗinki a Taminus,
allura ta bi ta farcensa.
Ya same shi a sujada, sahu ya miƙe ya bar shi.

Rago ne, in ji maigidansa.
Ƙwaya yake sha, in ji unguwa.
Mu a gida wani abu muka lura:
in ya yi dariya gwiwarsa kan saki,
ya zube kamar rigar da ta faɗo daga igiya,
idonsa biyu, yana jin mu, yatsa ya gagare shi.
Sai muka daina ban dariya in yana nan.
Shekara tara muna cin tuwo shiru.

Yanzu na san sunan abin da ya rasa.
Can ƙasan ƙwaƙwalwa, wuri kamar ƙwayar gyaɗa,
akwai masu gadin farkawa
da ke ɗiga wani sinadari, oreksin.
Nasa sun mutu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ji.
Ƙofa na nan lafiya, makulli ne ya ɓata,
mu kuma maƙera.

Na sha bakwai irin Tanimu ne,
in na ba shi cakulan murna ke kayar da shi.
Yau bayan isha na ɗiga masa sabon magani,
na miƙa masa zaƙin.
Ya ci.
Ya tsaya da ƙafafunsa,
ya share gashin baki, ya nemi ƙari.

Dakta Nanret ta ce kar in yi saurin guɗa,
ɓera ɗaya ba shaida ba ne,
akwai hanta da za a duba, akwai shekaru.
Na ji. Na rubuta lamba, na rufe littafi.

Amma akwai labarin da nake ɓoyo tun ina aji uku,
na ranar da akuya ta cinye rasit ɗin hayar Baba
yana tsaye yana rantse wa mai gida ya biya.
Tanimu bai taɓa jin sa ba.
Ranar da zan ba shi,
ba zan tsaya a bayansa ina tara hannu ba.